Na taya 'yata aikin gida, malama ta soke shi da jan biro

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 29, 'ya'yana uku. A aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya aka yi mini aure. Babbar 'yata shekararta bakwai, tana aji biyu a wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Makon jiya aka ba su aikin gida, su rubuta kalmomin Turanci biyu-biyu masu ƙarewa da sauti ɗaya, su kuma faɗi ma'anarsu. Babanta bai dawo ba, sai na zauna na taya ta. Na haɗa mata "bear" da "hear", "food" da "blood", "cow" da "low", don na ga ƙarshensu iri ɗaya ne. Washegari ta dawo tana kuka. Malama ta soke duka da jan biro, ta kuma tambaye ta a gaban 'yan aji wa ya yi mata, ta ce Mamanta, yara suka fashe da dariya. Da na gaya wa maigidana shi ma dariyar ya yi, ya ce in tsaya a kan tukunyata, zai nemo malamin lesin, alhali kuɗin makarantar ma da ƙyar muke haɗawa. Tun ranar yarinyar take ɓoye mini jakarta. Jiya na ce ta kawo in gani, sai ta ce, "Mama, ai ke ba ki iya ba." Wallahi Anti ban runtsa ba. In cire hannuna daga karatunta ne, ko in je in sami malamar, ko yaya zan yi?

Wata uwa daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne wannan kalma ta ƙarshe da yarinyar ta faɗa miki, don na san ita ce ta hana ki barci, ba jan biron malama ba. Za mu zo kanta. Amma bari in fara cire miki ƙayar da ke ƙafarki: kuskuren da kika yi ba na wadda ta tsaya a aji uku ba ne. Irin waɗannan kalmomi su ne tarkon da ake ɗana wa ɗalibai a jarrabawar WAEC, a takardar da ake gwada furucin Turanci, inda ake ba ɗalibi kalma ɗaya a ce ya zaɓo wadda take amsa-amo da ita cikin huɗu. JAMB ma tana kawo irin wannan tambayar. Masu shirya jarrabawar da gangan suke jera kalmar da ta yi kama a ido ta saɓa a kunne, domin sun san 'yan aji shida za su faɗa. Ramin da ya kama ki yana kama masu digiri, ni kaina ya kama ni ba sau ɗaya ba.

Abin da ya ja ki ciki shi ne Hausarki, kuma ba laifinta ba ne. A Hausa abin da ido ya gani shi baki yake furtawa. In kin rubuta uwa, ruwa, kasuwa, kin san dukkansu da "wa" za su ƙare a baki kamar yadda suka ƙare a takarda. Haka kaza, maza, gaza. Marubuta waƙoƙinmu a kan wannan suke gina amsa-amo, wanda malamai suke kira ƙafiya: mawaƙi ya ɗauki gaɓa ɗaya, a ce "ya" ko "na", ya riƙa rufe kowane baiti da ita daga farkon waƙa har ƙarshenta. Kin tashi kina jin wannan a waƙoƙin Islamiyya da na gaɗa, kunnenki ya san shi tun kafin ki san sunansa. To da kika ga kalmomi biyu sun ƙare da haruffa iri ɗaya, sai kika yi musu hukuncin Hausa. Hukuncin daidai ne, ƙasar ce ba tasa ba.

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukan da ake furtawa a cikinsa sun kai kusan 44. Dole harafi ɗaya ya yi aikin biyu ko uku. Sannan akwai tarihi. A 1066 wasu mutane daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin harshen da irin nasu rubutun. A 1476 wani ɗan kasuwa mai suna William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, daga nan rubutun kalmomi ya fara daskarewa a takarda. A daidai wannan zamanin kuma, tsakanin wajen 1400 zuwa 1700, bakin Turawan Ingila yana ta sauya yadda yake furta dogayen wasula. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya. Shi ya sa har yau ake rubuta "k" a farkon "knife", wato wuƙa, ba a kuma furta shi. Kakanninsu suna furtawa. Shi ya sa "night", wato dare, da "light", wato haske, suke ɗauke da "gh" da ba ya ƙara komai a kunne. Namu rubutun boko kuwa yaro ne. Ya fara kankama ne a zamanin makarantar da Baturen nan Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Kano a 1909, kuma masu daidaita rubutun sun bi abin da suka ji a bakin mutane ne, harshen bai samu ƙarnukan da zai guje wa takardarsa ba.

Kada dai mu yi wa Turawa dariya da yawa. Ki ba Bature takarda an rubuta "gari", ki ce ya karanta, ba zai san na tuwo ake nufi ba ko wanda ake shiga da mota. Ki ba shi "fara", ya rasa ko wadda ake soyawa da yaji ce, ko farar riga, ko fara aiki. Ke ba kya rikicewa saboda kin ji su a baki tun kina goye. Yarinyar da aka haifa a Landan haka take da "bear" da "hear". Ba ta fi ki basira ba, ta riga ki ji ne kawai.

Yanzu mu koma kan kalmomin nan naki, mu mayar da kowace gidansu. "Hear", wato ji, danginta su ne "ear" kunne, "near" kusa, "fear" tsoro, "year" shekara, har da "here", wato nan, duk da rubutunta daban. "Bear" kuwa wata ƙatuwar dabbar daji ce mai gashi da ba mu da ita a ƙasar Hausa, kuma 'yan'uwanta su ne "hair" gashi, "chair" kujera, "air" iska, "care" kulawa. Kin ga ba wadda ta yi kama da ita a ido. Abin dariyar, akwai kalmar "tear" da take cin gida biyu: in hawaye ake nufi tana tare da "hear", in yaga tufa ko takarda ake nufi tana tare da "bear". Rubutu ɗaya, furuci biyu, ma'ana biyu. "Food", abinci, tana tafiya da "rude", mara ladabi. "Blood", jini, abokanta "mud" taɓo da "flood" ambaliya. Akwai ma gida na uku mai wannan "oo" ɗin, inda "good" mai kyau da "wood" itace suke zaune, ba ruwansu da waɗancan biyun. "Cow" saniya tana amsa "now" yanzu da "how" yaya; "low", abin da yake ƙasa-ƙasa, tana amsa "go" tafi da "slow" a hankali.

Akwai wani bambanci kuma da ba kasafai malamai suke faɗa ba. Mu gaɓar ƙarshe ta ishe mu ƙafiya. A Turanci sai sautin ya daidaita tun daga wasalin da ake dannawa da ƙarfi a kalmar har zuwa ƙarshenta. "Money" kuɗi da "many" da yawa dukkansu da "ni" suke ƙarewa a baki, da a waƙar Hausa ne sun wadatar. A Turanci ba su yi ba. Abokiyar "money" ita ce "honey", zuma, abokiyar "many" kuma "any". Ki riƙe wannan, don zai dawo muku nan gaba in kalmomin suka fara tsawo.

Saboda haka daga yau ƙa'idar gidanki guda ɗaya ce: ba a haɗa kalma da kalma sai an ji su. Ki rufe littafin, ki saurara. In kina da babbar waya, ƙamusoshin Turanci na intanet irin su na Oxford da Cambridge suna da alamar lasifika kusa da kowace kalma, in kin taɓa za a furta miki, kyauta, ba ya cin data sosai. Za ki ga furuci biyu, na Ingila da na Amurka. Ki bi na Ingila, shi makarantunmu da jarrabawarmu suke bi. Google Translate yana da Hausa, zai taimaka wajen ma'ana, sai dai kalma tilo in aka jefa masa yakan ɗauko ma'ana ɗaya ya bar sauran, don haka ki riƙa sa ta cikin gajeriyar jimla. In wayarki ƙarama ce, ki nemi wanda Turancinsa ya nuna a dangi ko maƙwabta, ya karanta muku kalmomin makon cikin saƙon murya zuwa wayar maigida. Minti ɗaya ya isa.

Wuri biyu za ki sa wa ido, don nan ne bakin Bahaushe yake zamewa. Na farko dogon wasali da gajere. Muna da su a Hausa, amma in gaɓa ta rufe da baƙi sai mu gajarta wasalin, shi ya sa "ship" jirgin ruwa da "sheep" tunkiya suke fito mana iri ɗaya. "Ship" tana tare da "lip" leɓe, "sheep" tana tare da "sleep" barci. Ki ja ta biyun kamar yadda kike jan "ii" a kiifii in kina wasa da yaro. Na biyu shi ne "p" da "f", da muke da sauti ɗaya a madadinsu. "Pan" da "fan" sun yi amsa-amo, wannan ba matsala, amma ɗaya kaskon suya ne, ɗaya fanka. Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓenki: in kin ce "pan" daidai, leɓɓa za su haɗu su buɗe, takardar ta yi tsalle, a "fan" haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa. Yara suna son wannan wasan ƙwarai, kuma za ki ga ita ma tana da nata gyaran.

Ga kuma abin da nake so ki ji da kyau. Aikin da aka ba su kashi biyu ne, sauti da ma'ana. Kowa ya tsaya a kan sautin da kika kuskure, ba wanda ya tambayi ma'anar. Na sha ganin yara a makarantun kuɗi suna rera "cat, hat, mat, rat" kamar ruwa, iyaye suna ta murna yaro ya iya Turanci, amma ka nuna tabarmar da yake zaune a kai ka ce mene ne sunanta, sai ya yi zuru. Ya haddace sauti, bai san "mat" ita ce tabarmar ba, "rat" shi ne ɓeran da "cat" take kamawa. A makarantu da yawa ma an hana yin Hausa a aji, sai malama ta fassara Turanci da Turanci, yaro ya gyaɗa kai ya wuce. Wa zai gaya wa 'yarki cewa "grain" shi ne hatsin da ke cikin buhun nan, "rain" shi ne ruwan da ya sa aka kwashe shanya, "train" shi ne jirgin ƙasan da take jin labarinsa, "pain" shi ne abin da ta ji ran da aka yi mata allura? Ke ce. Wannan rabin aikin a hannunki yake, kuma shi ne rabin da yake zama a kai bayan an manta waƙar.

Maigida ya ce ki tsaya a kan tukunya, to madalla, a nan za a yi karatun. "Rice" shinkafa, "price" farashinta, "ice" ƙanƙarar da ake sa wa zoɓo, "mice" ɓerayen da suke huda buhu. "Pot" tukunya, "hot" da zafi. "Bread" burodi, "head" kai, "red" ja, "bed" gado, haruffa sun saɓa, sauti ɗaya. "Goat" akuya, "boat" kwalekwale, "coat" kwat. Ki yanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana, ki rubuta Turanci a fuska ɗaya, Hausa a ɗaya fuskar. Gida ɗaya a mako, kalma huɗu ko biyar, kada ki wuce haka. Ki watsa su a tabarma, ki furta ɗaya, ita ta nemo 'yan'uwanta ta kuma faɗi ma'anarsu kafin ta juya kwalin. In an kwana biyu ki cakuɗa gida biyu. Ƙannenta za su zo su zauna ko ba a kira su ba, kin ga su sun samu tun kafin a kai su makaranta.

Sai maganar yarinyar. Shekararta bakwai, an yi mata dariya a gaban ƙawayenta, kuma sunanki aka yi dariyar da shi. Ɓoye jakar nan ba raini ba ne, tsoro ne, ba ta so a sake. Abin da ta faɗa miki ma ba nata ba ne, ta tsinto shi ne daga ajin da kuma bakin babanta. Kada ki dake ta a kai, kada kuma ki yi fushi ki janye, don in kin janye kin sa hannu a kan maganar. Ki same ta lokacin da take cikin nishaɗi, a ce kina yi mata kitso, ki ce mata kai tsaye: waccan ranar na yi kuskure, na duba da ido ban saurara da kunne ba, yanzu na gano inda aka samu matsala, zo in nuna miki wani abin mamaki. Sai ki nuna mata "tear" mai gida biyu. Ki bar ta ta kai wa ƙawayenta wannan a matsayin abin da Mamanta ta koya mata. Bayan haka, a natse, ki faɗa mata cewa ba a ce wa uwa "ba ki iya ba", ana cewa "Mama, malama ta ce ba haka ba ne." Gyaran harshe daban, gyaran tarbiyya daban, duka biyun haƙƙinki ne.

Malamar kuwa, eh, ki je ki same ta, amma ba da faɗa ba. Soke amsar da ta yi daidai ne, aikinta ke nan. Tambayar yarinya a gaban aji wa ya yi mata, da barin yara su yi dariya, wannan bai kyautu ba, kuma ya kamata ta ji. Ina kyautata mata zato cewa so take ta gane ko yarinyar ce ba ta fahimta ba, ba ta hango inda amsar za ta kai ba. Malaman irin waɗannan makarantu da yawansu 'yan mata ne masu ƙaramin albashi da aji cike, ba kowace aka koya wa yadda ake gyara yaro ba tare da an kunyata shi ba. Ki je bayan an tashi, ku biyu kawai. Ki fara da godiya, ki ce ke kika taya ta kuma za ki ci gaba, ki roƙe ta abu biyu: in an yi kuskure ta rubuta daidai ɗin a gefe maimakon soke kawai, kuma ta riƙa ba ki kalmomin mako tun ranar Litinin. Sannan ki faɗa mata yarinyar ta yi kuka ta daina nuna aikinta a gida. Mai hankali wannan ya ishe ta. In abin ya sake faruwa, sai maigida ya sami shugaban makarantar.

Shi kuma maigida, ban ɗauke shi mugu ba. Maza da yawa suna dariya a inda ba su san me za su ce ba, kuma maganar malamin lesin alama ce yana son karatun 'yarsa. Amma kalmar tukunyar nan ta yi nauyi, musamman in a kunnen yara aka faɗe ta. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, yara sun yi barci, ki gaya masa abin da yarinyar ta ce miki, kalma da kalma, ba tare da kin ɗora masa laifi ba. Uba in ya ji 'yarsa ta fara yi wa uwarta wannan kallon, yakan gane da kansa daga ina ta ɗauko. Daga nan ki nemi abu ƙarami: minti goma bayan sallar isha'i, sau biyu a mako, ya karanta kalmomin da baki, ke ki riƙe ma'ana. In kina son ki ga dariyar ta koma ciki, ki rubuta masa "cough" tari, "rough" mai kaushi, "though" ko da yake, da "through" ta cikin, ki ce ya nemo biyu masu amsa-amo. Babu ko ɗaya. Amma ki yi shi da wasa, ba don ramuwa ba.

Malamin lesin ba haramun ba ne, sai dai a aji biyu, da aljihu irin wanda kika kwatanta, ban ga dalilinsa ba tukuna. Ku gwada wannan tsarin zangon karatu ɗaya. In kun ga yarinyar tana baya a karatu gaba ɗaya, ba a wannan darasin kaɗai ba, ku haɗa kai da gida biyu ko uku a layinku ku ɗauki ɗalibar kwalejin ilimi guda, Zariya ba ta rasa su, ku raba kuɗin. Ko an ɗauke ta, ki zauna a wurin ki saurara. Kuma tunda wasiƙarki ta nuna mini mace mai son karatu, ki yi tunanin komawa aji. Jihohin arewa suna da hukumomin ilimin manya da azuzuwan matan aure, wasu Islamiyyu ma suna haɗawa da boko. Shekara 29 ba komai ba ce, amma wannan magana ce da za ki kawo wa maigida daban, bayan ƙurar wannan ta lafa.

A daren nan ki fara da gida mafi sauƙi, wanda ido da kunne suka yarda da juna a kansa: "hen" kaza, "pen" biro, "ten" goma, "men" maza. Kwali huɗu. Kada ki tambaye ta jakar, ki baje su a tabarma kawai ki kira ƙaninta, za ki ga ta matso. Ran da ta kawo miki littafin da kanta, ku buɗe shafin da aka soke, ku rubuta "hair" kusa da "bear", "near" kusa da "hear", da rubutunta ba naki ba. Ki rubuto mini bayan wata ɗaya in ji yadda kuka ƙare da malamar. Allah Ya raya miki su, Ya yi musu albarka.